Ragowar Bushiya

A unguwarmu ta bayan kasuwar tukwane, nan Nabul a ƙasar Tunisiya, ba mu taɓa ɗaukar bushiya a bakin komai ba sai shekarar da maƙwabcinmu Si Munsif (mu “Si” muke cewa a madadin “Malam”) ya yi ritaya. Mutum ne da ya ƙarar da rayuwarsa yana zagayen duba makarantu, ya saba in ya shiga aji kowa ya miƙe tsaye. Da ya dawo gida ya zauna, matarsa ba ta miƙewa, kyanwarsa ma ko ɗaga kai ba ta yi, sai abin duniya ya ishe shi. Ana cikin haka 'yarsa da ke karatu a Turai ta turo masa hoton wata unguwa inda mutane suka huda katangunsu don bushiya ta riƙa wucewa daga lambu zuwa lambu, har majalisar garinsu ta kafa musu allon yabo a bakin titi. Allon nan shi ya shiga ransa ya zauna. Kafin mu ankara an kafa Kwamitin Kare Haƙƙin Bushiya.

Kwamiti ya samu shugaba, da mataimakin shugaba, da mai magana da yawun shugaba, da mai kula da walwala, da mai kula da tsaro. Bushiya kuwa guda ɗaya tak aka samu a duk faɗin unguwar. Sauran tuni motoci suka bi ta kansu, waɗanda suka tsira daga mota kuma wani tsohon unguwarmu, Ammi Tahar, ya cinye, don wani mai magani ya taɓa ce masa namanta na korar sanyin gwiwa. Shi Ammi Tahar ɗin aka ba muƙamin tsaro. Si Munsif ya ce babu wanda ya san maɓoyarta kamarsa, kuma gaskiya ya faɗa. Ni kuma Naziha, da yake a kantin magani nake aiki kuma ina sa farar riga, aka naɗa ni mai kula da lafiya ba tare da an ji ta bakina ba. Zama bayan zama aka yi kan sunan da za a raɗa mata, har aka kusa ba hammata iska, daga ƙarshe aka tsaya a kan Lalla Aziza, wato Uwargida Aziza.

Ita kuwa baiwar Allah, duk gidajen unguwa ba ta ga inda ya yi mata ba sai ƙarƙashin tarin itacen da ke bayan ɗakin girkinmu, jikin katangar da ta raba mu da kawuna Hedi.

Da can gida ɗaya ne, na kakannina. Da suka rasu aka raba shi biyu tsakanin Ummi, wato mahaifiyata Shadliya, da ƙanenta Hedi. Rabon ƙasa bai kawo rigima ba. Abin da ya kawo ta bishiyar lemo mai ɗaci ce da kakata ta shuka a tsakar gida, wadda duk watan Maris ita da Ummi suke tsinkar furenta su dafa a tukunyar tagulla, ruwan ƙamshi yana ɗiga cikin kwalabe har gidan ya gume. Ummi ta tafi jinyar mahaifina a Tunis, ta dawo ta tarar katanga ta tashi. Ta miƙe sak tun daga ƙofa, da ta zo daidai bishiyar sai ta yi wata 'yar lanƙwasa ta rungume ta, ta kai ta ɓangaren kawu. Shi ya ce kuskuren magini ne. Ummi ta ce ba ta taɓa ganin maginin da kuskurensa ya karkata wajen wanda bai ɗauko shi ba. Magana ta ja magana, ta rantse ba za ta sake taka ƙofarsa ba, shi ma ya rantse ba zai taka tata ba. A lokacin ina rataya jakar makaranta, yanzu ga furfura ina ɓoye ta da lalle.

Ba su sake magana ba. Da matarsa ta rasu, Ummi ta lulluɓa ta tsaya a kwanar titi tana kuka har aka fito da gawa, amma ba ta shiga ba. Da mahaifina ya rasu, kawu ya bi makara daga can baya, ya juya gida bai yi wa kowa gaisuwa ba. Duk Maris furen da iska ta zubo mana sai Ummi ta share shi ta zuba a shara, ta je kasuwa ta sayo na wasu, ta dafa, ta yini tana mita wai warin sabulu yake yi. Tana kewar ƙanenta, kewa mai tsanani, kuma da ta furta haka gara ta haɗiye harshenta. Ni da nake kwana ɗaki kusa da nata na san yadda take kasa kunne in ya yi tari a ɗaya gefen.

To wannan katanga ce Si Munsif ya zo zai huda. Ya shigo da igiyar awo a wuya, ya yi wa Ummi jawabi mai tsawo kan 'yancin zirga-zirgar halittu. Ta bar shi ya gama, ta ce ko ƙusa ba za a buga mata ba. Amma mutumin da ya sha fama da shugabannin makarantu ba ya rasa dabara. Ya naɗe igiyarsa, ya ce ba komai, dama ladabi ne ya kawo shi, tunda Si Hedi ya ce katangar tasa ce shi kaɗai, izininsa ya wadatar.

Ummi ta ajiye wuƙar da take yanka kabewa da ita. "Tasa? A kan ƙasar ubana take. Je ka huda, Si Munsif, kuma ka gaya wa duk mai tambaya ni na ba da izini."

Daga baya na ji irin wannan wasan ya yi wa kawu, shi ma ya ba da izini da ƙarfinsa don kada a ce tata ce. Magini ya zo da niyyar buɗe kafa daidai tafin hannu, amma yana ɗora guduma sai wani ɓari ya rufto, kafar ta kusa ninka yadda aka so. Ummi ta leƙa, ta ce dama ta san simintin rowa aka yi aikin da shi. Ammi Tahar ya ɗaure wata 'yar kyamara da 'yar Si Munsif ta aiko a jikin bututun ruwanmu, tana kallon kafar, aka yi tafi, aka sha lemo, kowa ya manta da ita.

Sauran katangun unguwa ma duk aka huhhuda su, sannan Si Munsif ya kafa doka cewa abincin kyanwa na gwangwani da ruwa kawai za a ajiye wa Lalla Aziza. Dokar ba ta kwana ba. Matar mai burodi ta ce ita ba a haife ta a gidan da ake ba baƙo abincin kyanwa ba, ta soya hanta. Maƙwabciyarta ta ji labari ta yi ƙwai da kifin tuna. Kafin mako ya zagayo, kowace mace tana leƙen kafar 'yar'uwarta ta ga me aka ajiye don ta fi ta. Maza a gidan gahawa suna gardama kan gidan da ta fi daɗewa a ciki jiya, kamar ana maganar zuwan minista. Mu haka muke, ba mu iya son abu kaɗan ba.

Ummi da farko ta ce babu ruwanta. Amma da ta ji an ce bushiyar a gidanta take kwana, a gidan wasu take cin abinci, sai abin ya taɓa mata mutunci. Ranar Juma'a ta yi kuskus da kifi, da yamma ta ɗauko wani ɗan farantin tangaran kore da rawaya, na kakata, wanda gefensa ya ɗan ɓare, ta zuba, ta ɗora yankin kifi a kai, ta ajiye a bakin kafar. Na tuna mata kuskus ba abincin bushiya ba ne. Ta ce in na ga dama in kai ta ƙara wajen kwamiti.

Washegari da safe ina shirin fita aiki na ji shiru ya yi yawa a tsakar gida. Na leƙa. Ummi tana durƙushe a gaban kafar. Farantin yana nan, an wanke shi tas, an cika shi da furen lemo har ya yi tozo, fari sol, da raɓa a jikinsa. Ba na kasuwa ba ne. Ta ɗauki guda ta kai hanci.

"Ya ga farantin Umminmu ta kafar," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ya zura hannu ya ɗauka. Naziha, shi ya fara."

Ranar ba ta share komai ba. Ta sauko da tukunyar tagulla ta goge, ta dafa ɗan furen nan da bai kai ya cika ƙaramar kwalba ba, ta zauna a gabansa tana kallon ɗigarsa hawaye na bin fuskarta. Ni ma na yi kuka, a wajen aiki, har wani mai sayen maganin tari ya tambaye ni ko an yi rasuwa.

A wajenmu farantin da ya zo da abu ba ya komawa babu komai, ko da daga gidan maƙiyi ya fito. Ummi ta ce ba don ta huce ba, don dai kada a ce ba ta da tarbiyya, ta cika shi da miyar mulukiya, wato ta lalo, da ta kwana a wuta, ta tura da rana tsaka. Ya dawo da fure. Ta tura soyayyen barkono da ƙwai, ya dawo da fure. Ta tura tuwon asida da zuma, ya dawo da fure da 'yan ganyen lemo a kai, wai ado. Kawu bai iya dafa ko shayi mai kyau ba, tun rasuwar matarsa a kan burodi da gwangwani yake rayuwa, bishiyar ce kawai abin da yake da shi. Ba su ce wa juna uffan ba. Faranti ke tafiya yana dawowa, Lalla Aziza kuwa wani lokaci sai ta jira a kawar da shi kafin ta samu hanyar da aka huda dominta.

Da a nan suka tsaya da an zauna lafiya. Amma jini ɗaya ne, cika baki gado suka yi. Ummi ta je gidan wanka ta gaya wa mata cewa Hedi ya gaji ya sauko, da hannunsa ya aiko da furen ban haƙuri, ita kuma tana duba lamarin. Shi kuma kawu ya zauna a gidan gahawa, ya karkata jar hularsa, ya shaida wa maza cewa Shadliya ce ta fara turo masa kuskus. Ya ce ya cinye tas don kada ya kunyata ta, ko da yake babu ko ƙayar kifi a kai, rowar tata na nan yadda ya san ta. Kowanne labarin ɗan'uwansa ya dawo kunnensa, kowanne ya yi murmushi ya ce a bar shi ya rufa wa kansa asiri. Ni dai farin ciki nake, don Ummi ta fara waƙa in tana wanke-wanke, abin da na manta ta iya.

Sai majalisar gari ta aiko cewa ta yarda ta ba mu allon yabo, amma tana son shaida cewa bushiyar na bi ta kafofin. Nan aka tuna da kyamara. Si Munsif ya kira ni gidansa wata la'asar, a matsayina na mai kula da lafiya, in ga abin da ya kira lu'ulu'un aikin kwamiti. Bakinsa har kunne.

Ga tsakar gidanmu a allon kwamfuta, ga faranti da kuskus da kifi a bakin kafa. Lalla Aziza ta fito tana rangaji. Ta hau cikin farantin da ƙafafu huɗu, ta cinye kifin, ta yi yawo a kan kuskus ɗin, ta yi atishawa a ciki, ta sauko. Sai ta fara lasar romon da ke gefe, tana lasa tana turawa da hanci, farantin yana zamewa a kan daɓen da dama ya karkata wajen magudana, har ya shige kafar ya ɓace. Hoto ya yi tsalle zuwa safiya, ga wani tsohon hannu yana turo shi cike da fure.

Ashe babu wanda ya fara. Ummi ba ta aika ba, kawu bai zura hannu ya ɗauka ba, kwaɗayin bushiya ne kawai da karkataccen daɓe. Na roƙi Si Munsif ya cire wannan wurin. Na gaya masa abin da faranti ya ɗinke, hotonsa zai farke shi a gaban jama'a. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da 'yarsa. Ya dafa ƙirji ya ce shi uba ne, ya fahimta, in kwantar da hankalina. Na fito ina ganin na yi nasara, don ban taɓa sanin yadda allon yabo yake cin zuciyar mutum ba.

Ranar biki aka cika zauren matasa maƙil, aka ja labule, aka kafa majigi. Wakilin majalisa yana gaba yana duba agogo. Ummi ta sa rigarta ta zuwa biki, ta shafa ruwan furen bana a wuya, ta zauna a layin farko gefen mata. Kawu yana ɗaya gefen da sabon aski da ƙullin furen yasmin a bayan kunne. Duk unguwa ta san yau ne za su gaisa. Na ga Ummi ta saci kallonsa, na ga leɓenta ya motsa, na san cewa take ya rame.

Si Munsif ya riƙe makirfo kamar za a ƙwace masa. Ya yi magana kan muhalli, kan zumunci, kan kansa. Aka nuna Lalla Aziza tana cin hanta, aka yi tafi. Aka nuna ta tana cin tuna, aka yi tafi. Sai na ji ya gyara murya ya ce yanzu za mu ga yadda ƙaramar halitta ta sulhunta abin da ya gagari manya. Har kiɗa ya sa a ƙarƙashi, irin mai sa kuka.

Na rufe fuska, amma kunnuwana a buɗe suke. Da ta hau cikin kuskus ɗin aka fara ƙyalƙyata. Da ta yi atishawa zauren ya ɓarke da dariya. Da farantin ya shige kafa, wani daga baya, cikin waɗanda suke zama da kawu a gidan gahawa, ya ɗaga murya.

"Si Hedi, ashe ga inda kifinka ya tafi. Ya ɗanɗanon ragowar?"

Ammi Tahar, da bai san lokacin yin shiru ba, ya ƙara da cewa ai kada ya damu, yawunta ma maganin gwiwa ne. Har wakilin majalisa sai da ya share hawayen dariya. Kawu ya miƙe a hankali. Yasmin ɗin ya faɗo daga kunnensa bai tsaya ɗauka ba, ya bi ta tsakiyar mutane ya fita. Ummi ba ta motsa ba. Idonta na kan allon da ya riga ya mutu, ta zauna a miƙe har aka gama raba lemo, sannan ta ce in kai ta gida. A hanya magana ɗaya ta yi, ta ce ashe duk waƙar da take yi bushiya take yi wa.

An ba mu allon. Yana nan a bakin titi, sunan Si Munsif ya fi na unguwar girma. A ranar kuma likitan dabbobin da majalisa ta zo da shi ya ɗaga Lalla Aziza, ya taɓa ta, ta yi ƙoƙarin dunƙulewa ta kasa, tumbi ya hana. Ya ce saura kaɗan mu kashe ta da karamci. Aka sa ta a kwali aka kai gidan shugaba, za ta yi zaman rage ƙiba a kan abincin kyanwa. Na je na ajiye muƙamina, na gaya wa Si Munsif abubuwan da ba zan maimaita su a nan ba. Ya ce tarihi zai wanke shi.

Gidanmu ya koma yadda yake, har ya fi da muni, don da ba mu san abin da muka rasa ba. Farantin yana wajenmu, Ummi ta wanke ta kife shi a saman kabad. Kawu ya daina zuwa gidan gahawa. Furen ya yi ta zuba a banza a bayan katanga, muna jin ƙamshinsa yana raguwa. Ummi ta daina waƙa, ta rage cin abinci, in ta fito tsakar gida sai ta bi ta nesa da kafar kamar wuta ce. Ni haushin kowa nake ji, har da bushiyar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san tana so, shi ma na tabbata yana so, amma yanzu duk wanda ya tura faranti, unguwa kaf za ta san shi ya sauko, babu wata dabba da za a ɗora wa.

Wata safiya muka ji tarinsa, mai tsawo, irin wanda ba ya son tsayawa. Bayan ya lafa sai ƙarar buɗe gwangwani. Ummi tana tsaye da tsintsiya a hannu. Ta jingine ta, ta ce in je kasuwa in sayo kifi, babba, kada in kuskura in kawo mata na jiya.

Ta turara kuskus ɗin yadda kakata take yi, tana murza shi da man zaitun a tafin hannu. Da azahar ta hau kujera da kanta ta sauko da farantin. Ta zuba, ta zaɓi tsakiyar kifin ta ɗora, ta sa barkono soyayye a gefe. Na ce ta kawo in tura mata saboda gwiwarta. Ta harare ni. Ta durƙusa da ƙyar, ta tura farantin cikin kafar, ta bi shi da hannu har gwiwar hannu, ta bar hannun a can gefensa, da zobenta da komai.

"Hedi," ta ce. Ta sake kira. "Hedi, bushiyar na gidan Munsif. Wannan ni ce."

Na ji takun silifa, ya matso, ya tsaya. Na ji nishin tsoho yana sauka ƙasa, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Muryarsa ta fito ta kafar, kusa da ƙasa.

"Akwai kifi?"

"Buɗe idonka ka gani, makaho."

Aka ja farantin. Hannun Ummi bai dawo ba, na gane an riƙe shi. Ta ce masa, tana kallon katanga, ta yi baƙin cikin dariyar da aka yi masa, da ta san abin da ya faru da ba ta bari ya ci ba.

"Shadliya, ni fa na sani."

"Ka san me?"

"Sawunta na nan a kan kuskus ɗin, ƙanana, har da ƙayar jikinta guda a gefe. Tun safiyar na gani. Na san ba ke kika aiko ba."

Ummi ta juyo ta dube ni, ta koma ta dubi kafar. "Da saninka ka ci ragowar bushiya?"

"Na share saman na ci na ƙasa. Ƙamshin girkin Umminmu ne ya shigo mini har gida, me kike so in yi, in zubar? Da na gama na ce, ga faranti a hannuna, ba ya komawa haka. Ban san ko zan sake samun dalili ba."

"To ƙaryar da ka yi ta yi a gidan gahawa fa?"

"Ke da kika yi taki a gidan wanka?"

Ummi ta yi wata dariya da ta ƙare da kuka, goshinta a jikin simintin rowar nan. Ashe ita ce mai gaskiya tun farko ba ta sani ba, shi ya fara. Na koma ɗakin girki na yi kamar ina neman wani abu, don akwai abin da bai kamata 'ya ta tsaya kallo ba. Ina jin su, tana ce masa ya ci tun da zafi, yana ce mata gishiri ya ɗan yi yawa, tana ce masa ya koma wa gwangwaninsa.

Can ta kira ni in ɗaga ta, ƙafafunta sun sage. Na ɗaga ta, ta kakkaɓe riga, ta sunkuya ta ce masa ita ta gama durƙuso, ba yarinya ba ce, in ya cinye ya zagayo ta ƙofa ya kawo mata farantin uwarta. Ya ce furen ya ƙare, ko guda babu a bishiyar, kuma a gidan ba shi da komai sai busasshen burodi, me zai sa a ciki.

"Kawo shi haka nan," in ji Ummi.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa. Na buɗe. Ga kawu tsaye da jar hula, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa, ya riƙe farantin da hannu biyu, babu komai a ciki, ko wanke shi da kyau bai yi ba. Matar mai burodi tana leƙe ta taga, ta ga faranti ya dawo wayam, abin da ba a taɓa yi ba a titinmu, kuma ba ta ce komai ba. Ya tsaya yana kallon dokin ƙofa. Ummi ta zo ta karɓi farantin, ta duba shi, ta dube shi tun daga hula har silifa.

"Dubi yadda ka koma," ta ce. "Shigo, akwai saura a tukunya."